Katin Banki: Ɓarawon Da Ba Ya Tare Hanya

Ƴan'uwa fatake da dillalai, duk wanda ya daɗe cikin wannan sana'a ya san a da, in mutum ya sayar da shanunsa a Maigatari ko Mai'aduwa ko Illela, hanyar komawa gida ce ke hana shi barci. Wasu kuɗin a ɗaure a ƙugu, wasu a ɗinke cikin riga, ido na kan kowace kwana. Da bankuna suka kawo kati da na'urar cire kuɗi, wadda muke ce wa gishe, muka ce an huta da ƴan fashi. A farkon 2023 ma, da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya a Najeriya, har waɗanda suka rantse ba su ba banki sai da suka buɗe asusu. To, ɓarawo dai bai mutu ba. Sauka ya yi daga bakin daji, ya sa riga mai guga, ya zo ya tsaya a bayanmu cikin layi.

Kwanan baya wani dattijo ɗan ƙungiyarmu ya sayar da bijimai tara, aka zuba masa kuɗin a asusu. Bayan magariba ya je gishe don ya ciri na sallamar yaran mota. Rubutun na'ura da Faransanci yake, shi kuwa da ajami ya tashi. Sai ga wani saurayi mai ladabi: "Alhaji, kawo in taimake ka." Ya karɓi kati ya sa, Alhaji ya danna lambarsa yaron na kallo, can sai ya ce, "Baba, babu rezo, sai da safe," ya miƙo masa kati. Launi ɗaya, banki ɗaya, amma ba nasa ba ne. Saƙo ya yi ta shigowa wayarsa, bai sami mai karanta masa ba sai a rana ta uku. Da ya je banki, amsar da ya samu gajera ce: da katinka aka cira, da lambarka aka cira.

Wannan amsa tana da ɗaci, amma dole mu fahimce ta. A kara, amana ce jarinmu. Mutum kan kora shanun miliyoyi a kan magana kawai, saboda dillali ya san shi, ya san ubansa, ya san mai masaukinsa. Na'ura ba ta san fuskar kowa ba. Duk wanda ya zo da kati da lambobi huɗun nan, a wurinta shi ne mai dukiya. Mu kuwa mun ɗauko al'adar kara mun kai ta gaban ƙarfe. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: nawa ne cikinmu ke ba yaro kati da lamba ya je ya ciro? Nawa ne suka rubuta lambar a bayan katin, ko suka zaɓi 1234 don kada su manta? Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Musanyar kati ba ita kaɗai ce dabararsu ba. Akwai masu cusa ɗan siririn abu a bakin na'ura ya riƙe katin. Kai ka ɗauka gishe ya haɗiye, kana juya baya su zaro shi. Akwai masu liƙa wani baki na ƙarya a kan na gaskiya, ya kwafe bayanan da ke cikin baƙin layin nan na bayan kati, ga kuma ƴar kamara a ɓoye tana kallon yatsunka. Ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinariya da ke gaban kati, wanda bankunan Faransa suka sa wa katunansu duka tun 1992, ya rage irin wannan kwafi ƙwarai, amma ba ya hana komai in katin da lambar duka sun faɗa hannun wani. Sannan ga masu bugo waya su ce daga banki suke, wai za a rufe asusunka in ba ka faɗi lamba ba. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri, ko a waya ko ido da ido.

Kada kuma a ce ƙauyanci ne ya ja mana. A watan Mayu 2016, a ƙasar Japan, wasu gungu sun yi amfani da katunan jabu masu ɗauke da bayanan wani bankin Afirka ta Kudu, suka kwashe sama da yen biliyan ɗaya daga na'urori kusan 1,400 cikin ƴan awoyi. In an yi wa waɗannan haka, ina ga mai gishe ɗaya a garinsu, shi ma ba fitila?

Don haka bankuna ma suna da nasu kason. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Albarkacin GIM-UEMOA da aka kafa a 2003, katin da aka bayar a Maraɗi yana iya aiki a Kwatano ko Lome ko Abijan. Wannan ya yi wa fatake daɗi, amma ya yi wa ɓarawo ma, don kafin mai kati ya farga an tsallaka iyaka. Me zai hana na'ura da saƙon waya su yi Hausa da Zabarmanci da Fulatanci? Mu da jikka da dala muke lissafi, na'ura kuwa 50.000 take nunawa, shi ya sa da yawa ke neman mai duba musu. Muna son mai gadi da haske a kowane gishe, da lambar da za a kira a toshe kati ko da tsakar dare, wadda za a ɗauka, a kuma amsa da harshen da muke ji.

Kafin su yi nasu, mu yi namu. Kada kati ya bar hannunka, ko a gishe ko wurin masu POS na kasuwa. Rufe da ɗayan hannun in kana danna lamba, ko da ɗanka ne a gefe. Duba sunanka a kan katin kafin ka mayar aljihu. In na'ura ta riƙe shi, kada ka motsa sai ka kira an toshe, sannan ka kai ƙara komisariya ko wurin jandarma. Ka nemi banki ya rage iyakar abin da ake iya cira a rana. Uwa uba, a raba asusu biyu: uwar kuɗi a wanda ba shi da kati, kuɗin hanya a mai kati. Babu makiyayin da ke kai garkensa duka bakin ruwan da bai sani ba.

Ga shugabannin rassa kuma, muna ba da shawarar kowane reshe ya ware rana guda a zauna da dattawanmu, a koya musu maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya har kowa ya iya ciro kuɗinsa da kansa. Ba abin kunya ba ne. Wanda ke iya kallon sa ya faɗi nauyinsa da shekarunsa, lambobi huɗu ba za su gagare shi ba.

Allah ya tsare mana guminmu, ya kai kowa gida lafiya.