Kafin A Ɗora Wa Motar Minna Injin Sassarfa

A da can, in ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Fatakwal zai aika tsaraba gida, ba ta wuce atamfa da goro da akwatin rediyo ba. Yanzu kuwa wani sabon kaya ya shigo cikin lissafi, watau injin sassarfa, wanda mutum zai hau ya yi ta tafiya a cikin ɗaki ba tare da ya gusa ko'ina ba. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Hawan jini da ciwon sukari sun addabi iyaye a gida, likita kuma ya ce sai an riƙa motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar baligi ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a kowane mako.

Niyyar mai kyau ce. Dattijuwar da ke cikin gida a Bosso ba za ta fita ta yi ta zagaye a bakin titi ba, balle a watan Maris da zafin Minna kan doshi digiri 40. Amma fa kyakkyawar niyya ba ta hana asara. Wanda ya tara kuɗinsa da gumin goshi a Agege ko Mile 12 bai kamata ya saya da ka ba, don kada injin ya isa gida ya koma wurin rataye wanki.

Abin dubawa na farko shi ne wuta. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma mutanen Bosso sun san cewa wannan bai hana a ɗauke wuta ba. Injin mai ƙarfin doki 2 kan bukaci kusan wat 1,500 in ya ɗauki nauyi sosai, ƙaramin janareta kuwa ba ya kai wat 1,000. Ashe ke nan sai an yi lissafin sitabilaiza tun kafin a biya. Haka kuma wutar Nijeriya bolt 230 ce, alhali yawancin na hannu da ake shigowa da su daga Amurka an ƙera su ne don bolt 120. Wanda ya jona irin wannan kai tsaye, to, ya ƙone kuɗinsa nan take.

Na biyu shi ne ƙarfin injin da girman bel ɗin da ake takawa. Mai tafiya kan yi kilomita 4 zuwa 6 a awa, mai 'yar sassarfa kuma 7 zuwa 9. Don haka babu amfanin biyan kuɗin gudun da ba wanda zai yi, ko allo mai hotuna da kiɗa. Abin nema shi ne injin da ƙarfinsa na yau da kullum ya kai doki ɗaya da rabi zuwa 2, ba lambar ƙololuwa da ake mannawa a kwali don jan hankali ba. Faɗin bel kada ya gaza santimita 40, tsawonsa kuma ya kai 120 in za a yi sassarfa. A duba nauyin da aka ƙayyade masa, a bar rata tsakaninsa da nauyin mai hawa. Lalle ne kuma ya kasance da mariƙi a gefe biyu, da igiyar tsaro wadda ke kashe shi da zarar mutum ya zame.

Na uku shi ne gyara. Ƙurar hunturu ba ta barin inji lafiya. Dole a riƙa rufe shi, ana share ƙarƙashinsa, ana ɗiga wa bel man silikon, ba man mota ba. Mai saye a kasuwar Alaba ya hau ya gwada na minti goma, ya saurari ƙararsa, ya tambayi inda ake samun kayan gyara, ya kuma karɓi rasidi. Sayen nagari, in ji Hausawa, mai da kuɗi gida ne.

Akwai masu cewa marar amfani da lantarki ya fi, tunda ya fi araha, kuma ba ruwansa da ɗauke wuta. Suna da gaskiyarsu in matashi ne zai hau. Amma da ƙarfin ƙafa ake tura shi, yana kuwa wahalar da tsoho mai ciwon gwiwa.

Daga ƙarshe, kafin a saya, a tambayi mai hawa ko zai hau, a kuma nemi yardar likitansa, musamman in yana da ciwon zuciya. A ajiye injin inda yara ba za su sa hannu ƙarƙashin bel ba. Wanda kuwa ƙafarsa ke da lafiya, tattaki bayan sallar Asuba a hanyar Bosso ya wadatar da shi, kuɗin a tura su wajen awon jini da magani. Allah ya ƙara wa iyaye lafiya, amin.