Kafin a sayi magani, a san sunan tsutsa

A shekarar 2016 wata baƙuwar tsutsa ta faɗa wa masara a kudancin Najeriya. Ta yi kama da tsutsotsin da aka saba gani, har sai da masanan cibiyar IITA ta Ibadan suka karanta ɗan guntun ADN ɗinta suka tabbatar cewa Spodoptera frugiperda ce, ƴar asalin nahiyar Amurka. Dabarar ba sihiri ba ce. Paul Hebert na jami'ar Guelph a Kanada ne ya gabatar da ita a 2003: ana karanta harufa wajen 650 daga jikin ƙwaro, ko da ƙafa ɗaya aka samu, a gwada su da na halittun da aka riga aka sani.

Manomin albasa na kwarin Tarka a Madawa, da na Majiya wajen Buza, da mai gero a tudun Keita, sau da yawa ido ne kaɗai ma'auninsu. Mai kanti ya miƙa kwalba, manomi ya biya, tsutsa ta ci gaba da kiwo. Asarar tana bin buhu har kasuwa, ta sami ɗan kasuwa da ma'aikacin da albashinsa ba ya kai ƙarshen wata.

A yi hattara dai: dabarar tana bambanta jinsi ne, ba ta da ƙarfin shaida cewa irin albasa na Galmi ne na gaskiya. Amma ga ƙwaro ta isa. Ya kamata hukuma ta tanadar wa cibiyar INRAN ta Maraɗi kuɗin wannan aiki, a kuma ba malaman gona hanyar aika samfur tun ranar da ɓarna ta fara.