Shinkafar Kirsimati da Lamirin Ɗan'uwa

Da watan Disamba ya kama, duk wanda ya bi ta kasuwar Sabon Tasha ko ta Kakuri ya san abin da ke tafe. Teloli ba sa barci, kaji sun yi tsada, motoci kuma suna ta lodi a tashar Television zuwa Kafanchan da Kagoro da Zonkwa. Amma a cikin wannan hidima akwai gidajen da zancen Kirsimati ya zama abin faɗa. Uba dattijo ne a ECWA, ɗansa kuwa ya shiga Deeper Life, ya ce shi ba ya Kirsimati, taron addu'a na Disamba zai tafi. Uwa ta dafa shinkafa, ta yanka kaza, yaro ya ƙi sa hannu. Uba ya ce an sace masa ɗa. Ɗa ya ce iyayensa suna bin al'adar masu bautar gumaka.

Yaron bai ƙago maganar ba. A Disamba 2013 shugaban ikilisiyarsu, Fasto W. F. Kumuyi, ya faɗa a fili cewa ba sa yin Kirsimati domin asalinta daga bautar gumaka ne. Ga kuma 'yan Adventist, waɗanda tun shekarun 1930 suke da mishan a Jengre, su ranar Asabar suke sujada. To, wa ke da gaskiya?

Ya ku masu karatu, ku buɗe Romawa sura 14. Ikilisiyar Roma ta haɗa Yahudawa da al'ummai. Waɗansu sun tashi da kiyaye Asabar da idodi, waɗansu kuwa duk ranaku ɗaya ne a wurinsu. Manzo Bulus bai zaɓi gefe ya kori ɗayan ba. Abin da ya nema shi ne kowa ya tabbata a zuciyarsa, mai kiyaye rana ya kiyaye ta domin Ubangiji, kada kuwa wani ya zauna a kujerar alƙali a kan bawan da ba nasa ba. A Kolosiyawa 2:16 ya hana a hukunta mai bi a kan ci da sha ko idi. Inda ya yi zafi shi ne Galatiyawa sura 4, gama a can an mai da kiyaye ranaku hanyar samun ceto.

Gardamar nan ta girmi kakanninmu. Wajen shekara ta 155, Polikab, tsohon bishop na Simirna wanda ya san Manzo Yohanna, ya je Roma wurin Bishop Anisetus. Mutanen Asiya suna yin Ista a ranar 14 ga watan Nisan na Yahudawa, ko wace rana ta faɗa, Roma kuwa ba ta bin wannan. Babu wanda ya rinjayi wani. Duk da haka Anisetus ya ba baƙonsa girma, ya bar shi ya bi da Jibin Ubangiji a ikilisiyarsa, suka rabu lafiya. Wajen 190 wani bishop na Roma, Biktor, ya so ya yanke zumunci da ikilisiyoyin Asiya a kan wannan magana, sai Ireniyus na Liyon ya rubuta masa, ya tuna masa da halin magabatansa.

Kirsimati ita ma haka. Linjila ba ta faɗi ranar haihuwar Almasihu ba, manzanni kuma ba su umurci a yi mata biki ba. Shaidar farko ta yin ta ranar 25 ga Disamba daga Roma ta fito, a shekara ta 336. Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar 7 ga Janairu suke yi. A Masacusets ta Amurka, masu tsoron Allah ne suka hana ta da doka a 1659, da tarar sule biyar, har zuwa 1681. A Sikotlan ma sai 1958 ta zama ranar hutu. Ashe wanda ya ƙi Kirsimati ba lallai ne ya bar bangaskiya ba.

Amma fa, samari, ku ma ku ji. Da mahaifiyarka ta tashi da asuba ta hura wuta, ta sa zanen zumunta ta tafi sujada, rana take yi wa sujada ko Yesu? Kai ma ka san amsa. Abin da Allah bai umurta ba, bai kuwa hana ba, ba ka da ikon mai da shi zunubi a kan wani. Lamirinka naka ne, ka bi shi, gama wanda ya yi abu yana shakka ya yi laifi. Sai dai lamirinka linzami ne a bakinka, ba a bakin babanka ba. A ganina, shinkafa ba ta da laifin kowa. Ka ci, ka gode, sa'an nan ka ɗauki jakarka ka tafi taronku.

Akwai wani 'yanci da ba mu cika zancensa ba. Magidanci a Narayi ko Unguwar Romi wanda albashi bai shigo ba, ba dole ne ya ci bashi domin ɗinkin yara ba, ba dole ne ya yanka akuya ba. Tsoron bakin maƙwabta ma bauta ce. Wanda kuma ya kwana a gidan burkutu ranar 25, kada ya fake da Romawa 14, ya karanta ƙarshen sura 13 tukuna.

Ga naman Salla. Tun rikicin 2000 da na 2002 kogin Kaduna ya raba mu da maƙwabta da yawa, amma har yanzu kwano yana ƙetare gada daga abokan aiki da tsofaffin maƙwabta na Tudun Wada da Rigasa. Wani mai bi yana ci da godiya, wani lamirinsa bai ba shi ba. Wanda ba ya ci, ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya miƙa wa mai ci. Ranar Kirsimati kuma kada kwanon ya koma wayam, a kai kazar wurin mahauci Musulmi ya yanka domin masu shi su iya ci.