Baƙo Ya Tara, Ɗan Gida Yana Watsarwa

Ya ɗan'uwana cikin Almasihu, ina da ƙara a kanka, ni ma ban fid da kaina ba. Ka shiga majami'unmu na ƙasar Ƙaraye da Rogo ran Lahadi, ka kasa kunne. Sau da yawa mai wa'azi zai hau bagadi ya yi ta zuba Turanci, tsofaffin da suka bar tsafin kakanninsu domin Yesu suna zaune shiru, su tashi da yunwar da suka zo da ita. Muna ce da wannan ci gaba. Ni kuwa girman kai nake ce da shi.

Ka tuna da Rabaran George Percy Bargery, firist na Angilikan, wanda aka haifa a Ingila a 1876. Ƙungiyar CMS ce ta aiko shi ƙasar Hausa. Ya shafe shekara da shekaru yana tsintar kalmomi daga bakin masu harshen, har ƙamus ɗinsa na Hausa da Turanci, mai shafi fiye da 1,000, ya fito a 1934. Daga baya ya koyar da Hausa a Jami'ar Landan. A 1953, tsufa ya riga ya kama shi, ya komo Kano domin aikin sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki. Ya rasu a 1966.

Za ka ce ai ya yi wa gwamnatin Turawan mulki aiki. Gaskiya ne, ba kuwa waliyyi nake mai da shi ba. Amma wannan bai wanke ka ba. Baƙo ya ga daraja a harshen da ka sha a nono, kai kana jin kunyarsa a gidan Ubanka.

Ran Fentikos kowa ya ji al'ajaban Allah da harshen garinsu. Manzo Bulus ma, a Korantiyawa ta Fari sura 14, ya fifita 'yan kalmomin da jama'a za su gane a kan dubbai waɗanda ba su gina kowa.

Ka koya wa ɗanka Turanci, zai amfane shi a makaranta. Amma ka karanta masa Littafin da Hausa, ka yi addu'a da ita a gabansa. Kai kuma makiyayi, Lahadi mai zuwa ka dubi tsohuwar da ke zaune a bencin baya, ka yi wa'azin da za ta tafi da shi gida. Ubangiji zai tambaye ka a kanta.