Cacar poker ta intanet: Ba rashin sa'a ke talauta ɗan wasa ba

A 2003, wani akanta ɗan Amurka, Chris Moneymaker, ya samu gurbin shiga gasar poker ta duniya a Las Vegas ta wata ƙaramar gasa a shafin PokerStars, ya kuma lashe dala miliyan 2.5. Tun daga nan dubban mutane suka tsunduma cikin wannan cacar karta ta intanet, kowa na jiran ranarsa.

Sai dai faɗuwa na cikin tsarin wasan. A yawancin gasa, kimanin kashi 15 cikin 100 ne ke samun ko sisi, shafin kuma ya riga ya cire kasonsa daga kuɗin shiga. Ko mai katin A biyu, wanda babu farawar da ta fi tasa, yakan sha kaye kusan sau ɗaya cikin biyar a hannun mai K biyu.

Babbar asara tana zuwa ne bayan kayen, lokacin da ɗan wasa ya hau dokin zuciya, ya ƙara zubi ko ya ci bashi don ya fanshe. Garin neman gira ake rasa ido. Wanda aka cinye, gara ya rufe kwamfuta ya tashi, domin karta ba ta san an cinye shi jiya ba.