Zuwa ga Masu Kafa Kamfanin da Ba Shi da Ofis

'Yan uwa matasa masu kafa sababbin kamfanonin fasaha,

Da yawanku ba ku taɓa zama ɗaki ɗaya da rabin ma'aikatanku ba. Mai rubuta manhaja yana Kaduna, mai zane tana Legas, wanda ya zuba kuɗi yana Landan, ku kuna Kano kuna jiran a kawo wuta. Abin da zai riƙe irin wannan tafiya shi ne mummunan labari ya riƙa isa ga kowa da wuri, kuma daga bakinku.

Ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan GitLab, kamfanin da ma'aikatansa ke warwatse a ƙasashe da dama, ya goge rumbun bayanan abokan hulɗa bisa kuskure. Da aka koma kan ajiyar ko-ta-kwana, aka tarar yawancinta ba ta aiki. Bayanan kusan awa shida suka salwanta. Kamfanin ya buɗe takarda a intanet yana rubuta duk matakin da ya ɗauka, ya kuma haska aikin gyaran kai tsaye a YouTube, jama'a na kallo. Ba a kori injiniyan ba. A 2021 GitLab ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq. Sai ku gwada da Charlie Javice, wadda ta sayar wa bankin JPMorgan kamfaninta Frank a kan dala miliyan 175, tana cewa tana da masu amfani sama da miliyan 4, alhali kusan 300,000 ne. A 2025 kotu a New York ta same ta da laifin zamba.

Mai zuba jari ya san yawancin sababbin kamfanoni mutuwa suke yi, tun kafin ya sa hannu ya lissafa wannan. Shirun ne ba ya yafewa. Ku aika masa rahoto kowane wata, a rana ɗaya, ko da watan ya yi muni: nawa ya rage a banki, nawa ake ƙonawa, wata nawa kuɗin zai kai ku. Tun da aka bar kasuwa ta riƙa tsayar da darajar naira a watan Yunin 2023, mai ciniki da naira zai iya ganin abokan cinikinsa sun ƙaru amma kuɗin shigarsa a dala ya zube. Ku rubuta alƙaluman biyu gefe da gefe, kada ku zaɓi mai kyan gani kaɗai. Ranar da za ku nemi ƙari, waɗannan rahotannin zai fara buɗewa.

Batun ma'aikata kuma, don Allah ku rage saƙon murya. Shawarar da aka yanke cikin muryar minti bakwai a WhatsApp, bayan mako biyu kowa da yadda ya ji ta. A rubuta: wa zai yi, me zai yi, zuwa yaushe. Manhajar da ke ɗaukar hoton allon ma'aikaci tana leƙensa kuwa, ni dai ban ga abin da take koya masa ba sai motsa linzamin kwamfuta. Ku duba aikin da ya miƙa.

Idan albashi zai makara, ku faɗa tun goma ga wata, ku ba da ranar biya, ku bari naku ya zo ƙarshe. Wanda ke aiki daga ɗakinsa da kuɗin nan yake sayen data da man janareta, kuma yana da haƙƙin sanin ko ya fara neman rance.