Shari'ar Manya Ta Daina Jan Ƙafa

Malam Edita,

Ka ba ni fili in yi magana kan zargin cin hanci da ake yi wa shugabanninmu a Sakkwato.

A 2009 hukumar EFCC ta gurfanar da tsohon gwamna Attahiru Bafarawa kan zargin kuɗi kusan naira biliyan 15. Sai a 2018 babbar kotun jiha ta sallame shi. Shekara tara mutum na ɗauke da tabo, talaka kuma bai san gaskiya ba. A watan Agustan 2025 hukumar ta tsare Sanata Aminu Waziri Tambuwal kan zargin cire naira biliyan 189, magoya bayansa suka ce bi-ta-da-ƙulli ne saboda yana adawa.

Abin da ke damuna shi ne yadda mutane suka saba. A majalisun Mabera da Gawon Nama, kowa na kare ɗan jam'iyyarsa tun kafin ya ji hujja, matasa kuwa sun fara cewa duk kanwar ja ce, zaɓe ba amfani.

Ina roƙon EFCC da kotuna su riƙa kammala irin waɗannan shari'o'i cikin lokaci, a bayyana wa jama'a hujjoji.

Wassalam,
Mai karatunku daga Mabera, Sakkwato